Ni'ima, Kunya da Tambayar da Ba a Yi Mana

'Yar'uwa, idan kin taɓa tarbar 'yan Umara a nan Bagdadiyya, kin san akwai ƙullin da ba a kwancewa a gaban yara. Kilishi da daddawa a falo ake raba su. Gumba da tsimi da garin matsi daga Sakkwato kuwa, sai an shige ɗaki an turo ƙofa. Haka iyayenmu da suka keto ta Sudan zuwa Jidda suka iso da dilka da turaren tsuguno. Mun daɗe muna gyara jikin mace saboda auratayya. Abin da ba mu saba ba shi ne a tambaye ta me take ji.

Malaman da muke bi ba su yi wannan shirun ba. A cikin Ihya'u Ulumiddin, Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya hori miji ya fara da daddaɗar magana da sumba, kuma idan ya biya buƙatarsa ya saurari matarsa har ita ma ta samu tata. Risala da ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya ta ce mijin da ya kasa kusantar iyalinsa a ba shi shekara guda, in bai iya ba a raba auren idan matar ta so. Wato fiƙihu ya ɗauki buƙatar mace a matsayin haƙƙi. Al'ada ce ta lulluɓe haƙƙin da kunya, har 'yar da ta nuna sha'awa ake cewa idonta ya buɗe.

Kada ki ɗauka mu kaɗai ne. A Ingila ta ƙarni na 19, wani likita, William Acton, ya rubuta cewa yawancin mata sha'awa ba ta damunsu. A 1966 Masters da Johnson suka fitar da bincikensu a Amurka, suka nuna yadda jini ke taruwa a al'aurar mace kamar yadda yake yi a ta namiji. Daga nan aka ɗauka ai jiki shi ne komai. Da Viagra ta fito a 1998, kamfanin Pfizer ya gwada ta a kan mata shekara da shekaru, ya haƙura a 2004. Jinin yana zuwa, amma matan ba su ce sun ƙara jin sha'awa ba.

A 2010 Meredith Chivers da abokan aikinta a Kanada suka tattara bincike 132 da aka auna motsin jiki da na'ura, aka kuma tambayi mutum me yake ji. A ma'aunin da 1 ke nufin jiki da zuciya sun yi daidai cif, maza sun samu 0.66, mata 0.26. Kin ga ke nan, sau da yawa jikin mace na iya jiƙewa alhali ranta ba ya so, ranta kuma na iya so jikin bai amsa ba tukuna.

Me ya kawo ratar? Wasu masu bincike na ganin danshin kariya ce, don kada wurin ya ji rauni. Tarbiyya ma tana da hannu. A 2003, a Amurka, an tambayi ɗalibai game da rayuwarsu ta jima'i. 'Yan matan da suka zaci an jona su da na'urar kama ƙarya sun faɗi fiye da abin da waɗanda ke tsoron a ga takardarsu suka faɗa. Wadda aka raina a kan cewa mace tagari ba ta jin komai, ko ta ji, da wuya ta yarda ta ji, balle ta furta.

A wurin aiki nake ganin kuɗin da muke biya. Mai shayarwa ta zo tana kuka, wai ni'imarta ta ɗauke, maigida ya ce ta daina sonsa. Alhali shayarwa na rage sinadarin estirojin, haka ma ɗaukewar al'ada, bushewar ba ruwanta da soyayya. Wata ta yi ta cusa matsi har wurin ya ƙuje, ga zafi, ga ƙaiƙayi, ga tsoron dare ya yi. Wadda ta fi tsaya min a rai ita ce yarinyar da aka yi wa fin ƙarfi, tana zargin kanta don jikinta ya motsa. Wallahi motsin nan ba yarda ba ce, kamar hawayen yankan albasa ne.

Don haka in kina fama da bushewa ko zafi, ki je asibiti. Akwai man shafawa mai tsafta a kantin magani, akwai kuma magani in matsalar sinadari ce. Ki daina tura abin da ba ki san haɗinsa ba.

Kai kuma maigida, na san kana leƙa shafin nan ko da ba ka nunawa. Kada ka yanke hukunci da abin da ka gani a jikinta. Ka tambaye ta, ka ba ta lokaci, domin mata da yawa sai an fara wasa da hira sha'awar ke tasowa. Ranar farko mai yiwuwa ta rufe fuska ta ce ita ba ta sani ba. Shekara ashirin ana koya mata wannan amsar. Ka sake tambaya gobe.