Daga Ƙofar Fada zuwa Ƙofar Magajin Gari

Tun kafin zuwan Turawa, manyan garuruwan ƙasar Hausa sun san sarautun naƙasassu. Akwai sarkin makafi, da sarkin kutare, da sarkin guragu. Fada ke naɗa su, su kuwa su sasanta rigingimun mutanensu, su raba musu sadaka da zakka, su kai kukansu gaban sarki. Wannan tsari bai fidda kowa daga bara ba. Sau da yawa ma unguwa guda ake ware musu a gefen gari, kamar yadda daga baya aka san Karakara ta Damagaram da zaman kutare. Amma dai makaho ya san ƙofar da zai bi in yana da magana da hukuma.

Zamanin mulkin mallaka ya ɗauki naƙasa a matsayin sha'anin likita da na jinƙai. A 1956 ƴan mishan suka buɗe asibitin kutare a Danja, kusa da Maraɗi. Bayan samun ƴancin kai aka juya ga karatu da doka: makarantar makafi ta Yamai a 1979, sai dokar 2 ga Maris 1993 wadda ta tanadi kariya ga naƙasassu, ta kuma ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu a 2008, ta sake yin wata doka a 2019.

Sai dai doka a Yamai ake rubuta ta, alhali buƙatar talaka a garinsu take. Zaɓen 24 ga Yuli 2004 ya girka majalisun ƙananan hukumomi 265, kuma a ma'aikatar magajin gari ake neman takardar haihuwa, da rumfar kasuwa, da filin gina gida. Nan ne gurgu ke tarar da matakala, kurma ya rasa mai yi masa tafinta, makaho kuma a ce ya duba sanarwar da aka manna a bango da Faransanci. Ƙidayar 2012 ta nuna naƙasassu sun kai kashi 4,2 cikin ɗari na al'ummar ƙasa.

A Afrilun 2024 an rusa majalisun, aka naɗa masu riƙon ƙwarya, amma ayyukan suna nan inda suke. Sarakunan makafi da na guragu ma suna nan, ga kuma ƙungiyoyin naƙasassu na zamani. Abin da fada ta gane tun da daɗewa shi ne a ba mutum wurin zama kafin a yanke magana a kansa. Ya kamata ma'aikatar magajin gari ta kira su ranar tsara kasafin kuɗi, tun ba a aza tubalin makaranta ko na ɗakin shan magani ba.