Kanikancin da Ya Biyo Mazan Jiya daga Bama

Idan ka bi salsalar tsofaffin garejin Kano, kana tambayar wa ya koya wa wane, sau da yawa tsohon soja za ka tarar a can tushe. Namu ma haka ne. Wanda ya koya wa ogana aiki, Baba Kofur muke ce masa, ɗan Bama ne, wato ya yi yaƙi a ƙasar Bama (Burma), mun kuwa riske shi da sauran ƙarfinsa.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Turawa sun ɗebi samarin Arewa da yawa, wasu da son ransu, wasu dagaci ne ya miƙa su. Runduna ta 81 ta tafi a 1943, ta bi ta Indiya ta shiga kwarin Kaladan a ƙasar Bama. Ta 82 ta bi bayanta a 1944. A watan Janairun 1945 suka haɗu a Myohaung. Sunaye daga wannan yaƙi suna nan har yau a jikin barikoki: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, soja na bukatar direbobi da masu gyara, don haka yaron da ya bar gida da fartanya ya dawo a 1946 ya san kwance inji ya mayar.

Sun dawo a kan gaɓa. Gyaɗa na tashe, ana jigilarta daga ƙauyuka zuwa bakin jirgi a Kano, ga hanyar burji mai karya sifirin ɗin Bedford da Austin. Wasu suka sami aiki a garejin En'e ko ma'aikatar ayyuka. Waɗanda alƙawarin aiki bai cika a kansu ba, su ne suka kafa jak a gindin bishiya, kuma daga wurinsu sana'ar ta yaɗu.

Tsarin bariki suka zo da shi. Da yamma sai an jera sifana bisa lamba an ƙirga kafin kowa ya tashi. Fistin ba ya taɓa ƙasa, sai kan buhu. Mota ta zo, Baba ba ya barin a ɗauko sifana sai an tayar da ita kowa ya kasa kunne. "Kai yaro, me ka ji?" In ka ce ba ka ji komai ba, ranƙwashi. Ba na yabon dukan nan, ya kori yara masu kai da yawa daga sana'ar. Amma kunnen da ya ba mu, da shi muka ci abinci.

Mutanen gari suna yi wa 'yan Bama kallon waɗanda kansu ya taɓu, wasu kuwa da gaske yaƙi ya taɓa su. Baba bai cika maganar dajin ba, sai dai ruwan sama da matsattsaku. Gidansa ne labarinsa. Duk yaron gareji da kwanonsa a wurin matarsa Inna, da sallah kuma ɗinkinmu ɗaya da 'ya'yan cikinsa. Kuɗin da ya shigo, na makarantar yara ake fara warewa, har da 'yan matan, a zamanin da maƙwabta ke ganin hakan baƙon abu. Ranar da ya yaye yaro, shi ke saya masa akwatin kayan aiki, sau da yawa kuma shi ke shige masa gaba wajen neman aure.

Sauran tarihin a gabanmu aka yi. A 1972 aka koma tuƙin hannun dama. Roka ta ture Bedford daga hanya. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa 504 a Kaduna, safaya ta wadata, yara suka fara canja abin da a da ake gyarawa. Bayan 1986 naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari mutane, 'yan Kwatano suka cika gari, sai ga dabarar tsofaffi ta sake daraja a Ƙofar Ruwa da Panteka.

Yanzu motocin kwamfuta ne, ba kafireta ba kwantak, sai an jona na'ura ta faɗi ciwon. Ni ma na saya, yarana suka koya mini karanta ta. Baba bai kai wannan zamani ba, Allah Ya jiƙansa. Cikin waɗanda ya yaye, akwai masu gareji a Kano da Gusau da Maraɗi, kuma akasarin yaran da ke ƙarƙashinsu ba su san inda Bama take ba.