Sa'anni Biyu Na 1968: Mustang Ta Gwanjo Da Fijo Ta Kasuwar Shinkafi

A ranar 10 ga watan Janairun 2020, a wani gari da ake kira Kissimmee cikin jihar Florida ta Amurka, aka kawo wata tsohuwar mota koriya gaban masu gwanjo. Fentinta ya koɗe, tsatsa ta fara cin gefenta, kujerunta sun sha jiki. Da a tashar Kaura Namoda aka ajiye ta, ina jin ba wanda zai tsaya ya taya ta sai 'yan gwangwan. To amma kafin a tashi daga wurin an sayar da ita dala miliyan 3.74, idan an haɗa da la'adar masu gwanjon. Motar dai Ford Mustang ce ƙirar 1968. Mai karatu, dalilin wannan tsada nake son mu duba, domin akwai abin da ya shafe mu a cikinsa.

Bari mu fara da asalin irin waɗannan motoci. A farkon shekarun 1960 Amurka na cikin wadata, fetur na da araha, ga tituna sababbi dogaye, ga kuma samari masu kuɗi a aljihu. Sai kamfanonin birnin Detroit suka fito da wata dabara: a ɗauki jikin mota matsakaiciya, a cusa mata ƙaton inji mai fulogi takwas. Su ne Amurkawa ke kira motoci masu ƙwanji. Akasari ana ɗaukar Pontiac GTO ta 1964 a matsayin wadda ta buɗe fage. A watan Afrilun wannan shekarar Ford ya fito da Mustang a kan dala 2,368, kuma cikin shekara biyu ya ƙera miliyan guda. Daga nan Chevrolet da Dodge da Plymouth suka shigo, aka shiga gasar wa ya fi wani ƙarfi da ƙara.

Ita wannan koriyar, ita ce ɗan wasan nan Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt na 1968, inda aka yi tseren kimanin minti goma a tudun birnin San Francisco tsakaninta da wata baƙar Dodge Charger. Injinta lita 6.4 ne, ƙarfinsa ya haura na doki 300. Bayan an gama fim ta bi ta hannun mutum biyu, sannan a 1974 wani magidanci a jihar New Jersey ya ga tallarta a mujalla ya saya. Matarsa malamar makaranta ce, da ita take zuwa aiki. A 1977 McQueen da kansa ya rubuto wasiƙa yana neman a sayar masa, mai motar ya ƙi. A 1980 kulocinta ya lalace, aka tura ta gareji, ta yi ta bin iyalin duk inda suka koma har kusan shekara arba'in. Ba su sake mata fenti ba, ba su jefar da takardunta ba, ita ma wasiƙar suka adana. Sai a 2018 ɗan mai motar ya fito da ita bainar jama'a a Detroit.

Abin lura shi ne, motoci biyu iri ɗaya aka yi fim ɗin da su. Ɗayar, wadda aka yi ta tsalle da ita, sai a 2017 aka gano gangar jikinta a wani wurin tara tarkacen motoci a ƙasar Meziko. Ƙarfe ɗaya, shekara ɗaya, amma ɗaya ta sami mai riƙo, ɗaya ba ta samu ba.

Zamanin motoci masu ƙwanji bai yi tsawo ba. Dokar tsaftace iska ta 1970 ta matsa wa manyan injuna, kamfanonin inshora suka tsauwala wa samari kuɗi, sannan a watan Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai saboda yaƙinsu da Isra'ila. Gangar ɗanyen mai ta tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni. Ba'amurke ya tsinci kansa a layin gidan mai, ya fara neman ƙaramar motar Japan.

A nan ne labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu, domin kuwa tsadar man da ta kashe waɗancan motoci ita ce ta cika baitulmalin Nijeriya. A farkon 1975 ma'aikata suka karɓi ƙarin albashin Udoji da ariyas, aka shiga sayen babura da rediyo da motoci. A wannan shekarar ce masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci. Kafin nan ma, a watan Afrilun 1972, ƙasar ta koma tuƙi ta hannun dama, irin na Faransa da Jamhuriyar Nijar. Motar da ta ci moriyar wannan duka ita ce Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. Ita ma a 1968 aka fito da ita a Faransa, wato sa'ar waccan koriyar Mustang ce.

Domin a gane abin da Fijo ta yi wa arewacin Zamfara, sai an tuna yadda ƙasar take kafin zuwanta. A 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya ƙare a Kaura Namoda. Nan ne ƙarshen reluwe, saboda haka gyaɗa da auduga da fatu na ƙasashen Zurmi da Shinkafi da Isa a nan suke taruwa, da farko a bayan jakuna da raƙuma, daga baya a manyan motoci. Da harkar gyaɗa ta faɗi a shekarun 1970, jirgin ƙasa kuma ya fara ja da baya, sai nauyin ya koma kan titi. Fijo mai wagon da a-kori-kura ƙirar 404 da 504 suka ɗauki wannan kaya. Ranar Alhamis su ne ke kai mutane kasuwar Shinkafi, su ne ke bin hanyar Zurmi zuwa Jibiya, su ne ke kai amarya, da mai naƙuda, da ɗalibin da ya sami gurbi a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa a Kaura a 1983. Injinta fulogi huɗu ne kacal, bai wuce lita 2 ba, amma motar da aka yi domin mutum bakwai sai ta ɗauki goma har da buhunan gero a saman but. Idan ƙwanji ake magana, ni dai na san wadda zan ba kambi.

To ina suke yau? Kaduna ta daina ƙera 504 a tsakiyar shekarun 2000, motocin Japan da na Jamus 'yan Kwatano suka maye gurbinta. Waɗanda suka rage an yi ta cire kayan wannan ana gyara waccan, har abin da ya saura ya tafi a kan sikelin 'yan gwangwan. Ba zan ga laifin kowa ba. Ba'amurken nan yana da wata motar da zai hau, shi ya sa ya iya rufe tasa a gareji. Direban Shinkafi kuwa motarsa ita ce gonarsa, ranar da ta tsaya tukunya ta tsaya. Ga kuma matsalar 'yan bindiga da ta addabi waɗannan hanyoyi tun shekarun 2010, wadda ta tarwatsa ƙauyuka, ta sa mutane suka bar gidajensu da abin da ke ciki, har da tsofaffin hotuna da takardu.

Sai dai kada mu ce adana abin hawa ba ɗabi'armu ba ce. Baƙar Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976 an ajiye ta a gidan tarihi na Legas, da ramukan harsasai a jikinta. Matsalar ita ce mun ɗauka motar manya ce kawai ke da tarihi. Alhali abin da aka saya a Florida ba ƙarfe ba ne zalla. An sayi labari ne mai shaida: wa ya tuƙa ta, yaushe, ina takarda. Wannan kuwa bai fi ƙarfinmu ba. Har yanzu akwai dattawan direbobi a tashoshin Kaura da Zurmi da Shinkafi da suka san kuɗin mota a zamanin Shagari, da sunan kowane kwari da mota ke maƙalewa da damina, da kirarin da aka rubuta a bayan kowace a-kori-kura. Kusan kowannenmu na da waya mai ɗaukar murya da hoto. Marubutanmu na hikaya ma, da suke ba jarumansu sababbin motoci masu ƙyalli, ga labarai nan a tasha ba wanda ya taɓa.

Saboda haka idan akwai tsohuwar Fijo a kangon gidanku, kafin a kira mai sikeli, a ɗauke ta hoto, a nemi takardunta, a zauna da wanda ya tuƙa ta a ji daga bakinsa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai wanda ya ajiye ta yake samu. Allah ya dawo mana da zaman lafiya a kan waɗannan hanyoyi.