Tulun Hopi da Zuwan Jirgin Ƙasa

Garuruwan Hopi suna bisa duwatsu a Arizona ta Amurka, maɓuɓɓugan ruwa kuwa suna can ƙasa. Sabo da haka matansu suka gina tulun goyo: bayansa a shafe don ya kwanta a gadon baya, gabansa kamar kifaffiyar ƙwarya, da ɗan baki, da kunnuwa biyu na zura igiya. Manyan galibi ba zane, gama na aiki ne. Sa'ad da jirgin ƙasa ya ratsa arewacin Arizona wajen 1882, masu sayen tsaraba suka yawaita. Sai tulun ya ƙanƙance, ya sami ado: fuskokin kachina, watau iskokinsu, da tsuntsaye irin waɗanda Nampeyo ta kwaikwayo daga tsingaron kufan Sikyatki.