ƘUNGIYAR ƊANƘWAIRO: SU WA KE BAYAN MAIGIDA?

Yau na ɗan jingine labarin da muke yi, zan taɓo tarihi. Kowa a cikinmu ya san muryar Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, amma in aka ce mutum ya faɗi sunan guda cikin mutanen da ke karɓa masa, sai ka ga ana kallon-kallo. Alhali waƙar Ɗanƙwairo ba ta mutum ɗaya ba ce, aikin ƙungiya ce, kuma ƙungiyar ta girme shi, ta kuma rayu bayansa.

An haifi Musa wajen 1909 a ƙasar Bakura, cikin Lardin Sakkwato na wancan lokaci, jihar Zamfara a yau. Gidan kiɗa ya buɗe ido ya gani. Mahaifinsa Usman Ɗankwande makaɗi ne, shi ke jan ƙungiya, 'ya'yansa na yi masa amshi. Sunan ma da duniya ta san shi da shi a cikin ƙungiyar ya samo shi: akwai wani yaron mahaifinsa mai zaƙin murya da ake kira Ƙwairo, da aka ji muryar Musa ta ɗauko tasa sai aka riƙa ce masa Ɗanƙwairo. Ka ga tun daga nan, sunan ɗan amshi ne ya zama tambarin gidan baki ɗaya.

Da Allah ya yi wa Ɗankwande rasuwa, ba Musa ne ya gaje shi ba. Wansa Kurna ne ya karɓi jagoranci, Musa na biye da shi a matsayin na biyu. Haka tsarin yake a gidajen makaɗan fada. Akwai maigida mai ƙulla waƙa, akwai daudun kiɗa wanda shi ne mataimaki kuma magaji, akwai 'yan amshi, akwai masu riƙe da kotso, sannan ga sanƙira mai fassara wa jama'a abin da aka faɗa yana ƙara masa gishiri. Yaro na shiga da ɗaukar kaya, ya koma amshi, in muryarsa ta nuna a matso da shi kusa da maigida. Ta wannan tsani Musa ya hau, har ya kai ga jan tasa ƙungiyar.

Tauraronsa ya haska sosai a zamanin Jamhuriya ta ɗaya. Ya yi wa 'Yandoton Tsafe Aliyu waƙoƙi, ya kuma yi wa Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello waƙar nan da ake kira Mai Dubun Nasara, wadda rediyon Kaduna ya kai ta kowane lungu na Arewa. To amma ranar 15 ga Janairu 1966 aka kashe Sardauna. Bayan haka gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa rage ikon sarakuna. Makaɗin fada kuwa cikinsa na hannun ubangidansa ne. In hannun sarki ya gajarta, doki da riga da hatsin da ake ba makaɗa su ma sai su ragu, kuma ba baki ɗaya ake ciyarwa ba, ƙungiya guda ce da iyalanta.

A nan ne shekarun baya na Ɗanƙwairo suka bambanta da na farko. Bai tsaya fada ɗaya ba. Ya je Daura wajen Sarki Muhammadu Bashar, ya zo Kano wajen Sarki Ado Bayero, ya kuma buɗe ƙofa ga attajirai da manyan ma'aikata. A cikin ƙungiyar kuma, tsofaffin da suka taso tare da shi suna raguwa, 'ya'yansa na cike gurbi, har ɗaya daga cikinsu ya zama daudun kiɗa.

Ga abin da nake so mai karatu ya saurara da kyau in ya sake kunna waƙar. A salon Ɗanƙwairo, 'yan amshi ba maimaita gindin waƙa kawai suke yi ba. Maigida zai ɗauko magana ya kai ta rabi, su tarbe ta su ƙarasa, wani lokaci su ƙara nasu a kai, shi kuma ya dawo ya ɗora. Wato kowane ɗan amshi sai ya haddace waƙar daga kai har ƙafa, ya san inda maigida zai lanƙwasa tun bai lanƙwasa ba. Wannan ya sa da tsufa ya kama shi, numfashi ya ragu, waƙar ba ta faɗi ba, domin yaran na ɗauke da rabin kayan. Da ya rasu a 1991, 'ya'yansa suka ci gaba da fita da sunan gidan, suna rera waƙoƙin yadda suka gada.

Kwatanta da Alhaji Mamman Shata. Shi 'yan amshinsa layi ɗaya suke riƙewa, masu kalangu na ba shi kiɗa, sauran magana duk daga bakinsa take fitowa nan take. Wannan baiwa ce da ba a koya wa yaro. Shi ya sa da ya rasu a watan Yunin 1999, ko da yake ɗansa Sanusi ya ɗauki waƙa, kowa ya san an rufe wani babi. Ɗanmaraya Jos kuwa shi da kuntiginsa ne kawai, da ya tafi a 2015 babu ƙungiyar da za a ce ta saura. Ban faɗi haka don fifita wani kan wani ba, gini ne ya sha bamban, kuma kowane gini da irin ƙarshensa.

Ko a ƙasashen waje haka abin yake. Ƙungiyar Rolling Stones ta Ingila ta fara a 1962, ta rasa Brian Jones a 1969, ta rasa mai gangarta Charlie Watts a 2021, amma ba ta watse ba. Tinariwen ta Buzayen Mali ita ma mutanenta sun sha canjawa, matasa na shiga inda dattawa suka bari. Bambancinmu da su ɗaya ne: su an rubuta wanda ya shiga da wanda ya fita, shekara da shekara, a jikin faifai. Mu kuwa, kaset ɗin da muke saya a kasuwar Gaya muna samari, hoton maigida ne kawai da sunansa. Masu amshi murya ce ba suna.

Abin ya ƙara tsanani daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da fiyano ya shigo situdiyoyin Kano tare da waƙoƙin fim. Mutum ɗaya da na'ura sai ya yi aikin mutum goma. Tsanin nan na ɗaukar kaya zuwa amshi zuwa daudu ya fara ruɓewa, tunda yaro mai murya ba ya bukatar ya yi shekara goma a bayan kowa.

Ba Maradun kaɗai abin ya shafa ba. A ƙauyukanmu na Gaya da Ajingi akwai gidajen masu gangar noma da ke kiɗan gayya, da makaɗan maƙera da na mahauta, su ma da nasu jerin, kaka ya ba uba, uba ya ba ɗa. Kowane dattijo a cikinsu ya rasu, da sunayen mutum biyar ko shida yake tafiya. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da ɗalibansa sun yi ƙoƙari a kan manyan makaɗa, Malam Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da tarihin Shata a 2006, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Don haka nake kira ga 'yan'uwana marubuta. Mu da muke cika littafi guda uku a kan soyayyar mutum biyu, ba za mu rasa shafi goma ba da za mu je gidan makaɗin garinmu mu tambaye shi wa ya yi wa amshi, wa ya yi masa, wa ya bar kiɗa kuma don me. Allah ya jiƙan Ɗanƙwairo da mutanensa, waɗanda muka san sunansu da waɗanda muryarsu kawai ta iso mana. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya.