Giya da Ganuwa: Tarihin Tukunyar Tsiro Ciki da Wajen Ƙofar Ɗan Agundi

Ƙofar Ɗan Agundi tana kudancin birnin Kano, tsakanin Ƙofar Na'isa da Sabuwar Ƙofa. Masana su kan lissafta ta cikin ƙofofin da a ka samu sa'ad da a ka faɗaɗa ganuwa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Da ma ganuwa aikinta tsare gari daga maƙiyi, amma tun daga wannan zamani ta Kano ta ɗauki wani aiki na biyu, watau raba abin da a ke yi cikin birni da abin da sai a bayan gari. Babu sana'ar da ta fi nuna wannan kamar dafa giya.

A farkon al'amari giya ba baƙuwa ba ce a gindin Dala. Tarihin Kano, littafin nan na Larabci da H. R. Palmer ya fassara da Ingilishi cikin 1908, ya jera manyan mutanen zamanin Barbushe, kowa da sana'arsa. Akwai Gijigiji maƙeri, da Hamburki mai magani, da Ɗanbuntuniya mai tsaron gari da dare, sa'an nan da Bugazau mai dafa giya. Sanya shi cikin wannan jeri ya nuna ba a ɗauki sana'ar abin kunya ba. Giya tana cikin tsafi, tana cikin buki da gayya da makoki. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano cikin 1938 da 1939, ya tarar al'adar tana nan da ranta a ƙauyukansu, ya kuwa bayyana ta cikin littafinsa na 1946.

Kafin a fahimci yadda a ka fitar da ita daga birni, ya kamata a san abin da aikin ya ke bukata. Mata ne su ka fi yinsa. A kan jiƙa dawa a ruwa, a tsame, a shimfiɗa a inuwa a rufe da ganye, ana yayyafa ruwa har wajen kwana huɗu, sai ta yi tsiro. A shanya tsiron a rana, a niƙa, a dama da ruwa, a dafa, a bar shi ya kwana ya yi tsami. Kashegari a sake dafawa sa'o'i da dama, a sauke ya huce, a zuba masa ɗan ragowar tsohuwar giya, a jira wajen kwana biyu. Hikimar ita ce, ƙwayar hatsi idan ta tsiro ta kan saki wani sinadari mai mai da gari ya koma sukari, ƙwayoyin yisti da ke cikin ragowar nan kuwa su ke cin sukarin su mai da shi abin maye. Aikin mako guda ke nan, ga shi kuma abin ba ya ajiyuwa, bayan 'yan kwanaki sai ya lalace.

Kayan aikin ma ba kaɗan ba ne: randunan jiƙo, da manyan tukwane, da murhu mai cin itace, da dutsen niƙa, da rariya, da filin shanya. Ga hayaƙi, ga wari mai tsallake katanga. Mace tana iya yin saƙa ko kaɗi cikin ɗakinta maƙwabta ba su sani ba, amma tukunyar giya ita ke tona asirin kanta. Ba wai fili ne ya yi ƙaranci cikin ganuwa ba. Heinrich Barth, da ya shigo Kano cikin Fabrairu 1851, ya ga gonaki da fegi masu yawa cikinta, mutane kuwa sun cunkushe ne kudu da Dala. A unguwannin nan gida na jikin gida, lungu na bin lungu, kuma idon mai unguwa da na limami ba su da nisa da kowa.

Doka ta zo ne sannu a hankali. Wangarawa sun kawo Musulunci fada a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385), amma ba a ga ƙa'ida a rubuce ba sai zuwan Shaihu Muhammadu al-Maghili. A wasiƙar da ya rubuta wa Rumfa cikin 1492, ya umurce shi ya hana Musulmi shan giya, ya kuma hana waɗanda ba Musulmi ba bayyana shanta a kasuwanni da wuraren da Musulmi su ke. Abin lura a nan, malamin ya rarrabe tsakanin yi da bayyanawa. Bamaguje na iya dafa abinsa a ƙauye, matuƙar bai kawo shi idon jama'a ba. Wannan rarrabewa ita ce ta mai da ƙofar gari iyaka.

Duk da haka ba a ce fada ta tsarkaka nan da nan ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cikin Kitabul Farƙ, ya lissafta cin abin da a ka ga dama da shan abin da a ka ga dama, ko halal ko haram, cikin laifuffukan sarakunan Haɓe. Bayan da jama'ar Shehu su ka kori Sarki Alwali cikin 1807, sai hanin ya zama hukuncin da alƙali ke zartarwa da bulala. Maguzawa kuwa a ka bar su da al'adarsu a karkara, suna biyan jizya.

Turawa da su ka ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903 ba su rushe wannan tsari ba, sai ma su ka ƙarfafa shi. Yarjejeniyar Birasal ta 1890 ta riga ta hana kai barasa ƙasashen Afirka da ba ta yaɗu ba, Gwamna Lugga kuwa ya sa Arewa cikin wannan hani. Amma jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu, a ka keɓe musu Sabon Gari bayan ganuwa, ba ƙarƙashin alƙalin birni ba. Nan da barikin soja gidajen burukutu su ka kafu. Dokar Final Kot ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki cikin 1960, ta bi tsohuwar hanya, ta ɗora laifin sha bisa Musulmi kaɗai. Sai bayan ƙaddamar da Shari'a a Kano cikin 2000, da kafa Hukumar Hisba cikin 2003, iyakar ta tashi daga ganuwa ta nufi iyakar jiha. Cikin Nuwamba 2013 hukumar ta farfasa kwalaben giya wajen 240,000 a bainar jama'a.

Harshe ma ya riƙe sawun wannan tarihi. Giya ce kalmar da ta game duka, har a ke cewa giyar mulki. Burukutu na dawa ne mai kauri, bammi na itacen kwakwa ko tukurwa ne, barasa kuwa abin da a ka tace da wuta ne. Fito shi ne abin da mutanen Gana da Kudancin Nijeriya ke kira pito. Yawan baƙin sunaye cikin jerin ya dace da sana'ar da ta koma unguwar baƙi.

To, me ya rage cikin birni? Rabin ilmin ya rage. Matar da ke dama kunun zaƙi a lungunan Ɗan Agundi ta kan jiƙa gero ko dawa, ta niƙa, ta tace gasara, ta zuba tafasasshen ruwa a kashi ɗaya, sa'an nan ta haɗa da ɗanyen kashin da a ka sa wa tsiro ko busasshen dankali. Kunun sai ya tsinke ya yi zaƙi ba da sukari ba. Sinadarin nan ne dai na tukunyar Bugazau ke aiki. Bambancin kurum, ita ta kan tsaya a zaƙi, a shanye a ranar. Koko kuma ya tsaya a tsami. Kayan aikinta duka, roba da rariya da tukunya da ludayi, sun shiga lungu ɗaya na tsakar gida, domin ta yar da dogon dahuwa da kwanakin jira, waɗanda su ne ke cin fili da itace.

A Turai matsalar fili ta sami wata amsa dabam. Ingila ta soke neman lasin na dafa giya a gida cikin 1963, Amurka ta halatta cikin 1978. Daga baya masu ƙananan gidaje su ka koma ga tukunyar lantarki guda mai haɗa jiƙo da tata da dahuwa, irin Braumeister ta Jamus da Grainfather ta Niyu Zilan. A Nijeriya kuwa, da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir cikin 1988, manyan kamfanonin giya sai su ka koma ga dawa, wadda mafi yawanta a Arewa a ke nomawa. Hatsin da a ka hana dafawa cikin ganuwa shi ne a ke lodawa a mota zuwa Kudu.

Malamin da ke koyar da tarihi ko Hausa a kwalejin horon malamai zai ci karo da sunan Bugazau, ɗalibi kuma zai tambaya. Tsallake sunan ba ya amfanin kowa, domin sai an san abin da Kano ta bari kafin a san girman abin da al-Maghili da Shehu su ka sauya. Abin da ya fi gaggawa shi ne tattara kalmomin sana'ar daga bakin tsofaffin matan Maguzawa da masu kunun birni, a gwada su da abin da Bargery ya rubuta cikin ƙamusunsa na 1934, tun injin niƙa da sukarin kanti ba su shafe sauran ba.