Banyan na Wad Madani da Ibadarsu ga Bishnu

Kafin yaƙin 2023, idan kakar auduga ta wuce, kuɗin hawasha, wato gonar haya, ya shigo hannu, manomin Managil yakan nufi Wad Madani sayen yadi. A cikin masu shagunan yadi na birnin akwai waɗanda Larabawan Sudan ke kira Banyan, wato fataken Indiya. Mun daɗe muna ciniki da su, amma kaɗan ne a cikinmu suka san abin da suke bauta wa.

Zuwansu Sudan ya girmi namu, mu da ake kira Fallata. Kakanninmu sun kwararo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, jagoransu Mai Wurno ya kafa gari kusa da Sinnar, sannan madatsar ruwa ta 1925 ta buɗe gonakin Jazira. Su kuwa Banyan tun ƙarni na 19 suke. Wanda ake ɗauka na farkonsu shi ne Luvchand Amarchand Shah, ɗan Gujarat da ya ƙetaro daga Adan. Da kasuwa ta karɓe shi, sai ya kirawo danginsa daga yankin Saurashtra. Daga Sawakin suka bazu zuwa Kasala, Gadarif, Umdurman da Madani. Akwai mabiya addinin Jain a cikinsu, akwai kuma 'yan Hindu. A ƙasarsu ta asali kuwa bautar Bishnu ta yi jijiya a gidajen 'yan kasuwa.

A aƙidar Hindu, Barahma ke halitta, Shiba ke rushewa, Bishnu kuma ke kiyaye duniya. Suna zana shi shuɗi, da hannuwa huɗu: ɗaya riƙe da ƙahon dodon koɗi, ɗaya da faifan yaƙi, ɗaya da kulki, ɗaya da furen bado. Matarsa Lakshimi ita suke danganta wa arziki. Sun yi imani cewa duk sa'ad da zalunci ya yi yawa, yakan sauko duniya cikin wata siffa. Sun fi ƙidaya saukowa 10, tun daga kifi da kunkuru har zuwa Rama da Kirishna, ta ƙarshe kuma, Kalki, suna jiranta har yanzu. Kirishna ne ya fi shiga zuciyar mutanen Gujarat, domin garin Dwarka da suke cewa nan ya yi sarauta yana gaɓar tekunsu.

Malamin da ya tsara wa fatake da yawa hanyar ibada shi ne Ballabha, wanda aka haifa a 1479. A ɗariƙarsa ana hidimta wa Kirishna kamar yaron gida. Da asuba a tashe shi, a yi masa wanka, a sa masa tufa, a ajiye masa madara da kayan zaƙi, a kunna fitilar man shanu ana waƙa. Ba a buƙatar babban ɗakin bauta. Lungun ɗaki ya isa. Shi ya sa ibadar ta iya bin mai ita har bakin Nilu. A tsakar gida suna shuka tulsi, wani irin ɗaɗɗoya da suke tsarkakewa. Suna azumi ranar 11 bayan tsayuwar wata da ranar 11 bayan cikarsa. Ba su cin nama. Da bikin Diwali kuwa, ɗan kasuwa yakan rufe tsohon littafin lissafi, ya ɗora sabo a gaban hoton Lakshimi kafin ya rubuta komai a ciki. Gandhi ma a irin wannan gida ya tashi a Porbandar.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa wannan zama. Gwamnatin Indiya ta kwashe fiye da mutum 3,000 ta tashar Fot Sudan zuwa Jidda, a Disamban shekarar kuma yaƙin ya iso Madani kanta.

Mu Musulmi ne, tauhidinmu bai yarda da siffanta Ubangiji ba, kuma sanin addinin wani ba bin sa ba ne. Amma mu da aka daɗe ana kiranmu Fallata, ana yi mana kallon baƙi a ƙasar da aka binne kakanninmu, mun fi kowa sanin zafin a zauna da mutum shekara ɗari ba a tambayi labarinsa ba. Haƙƙin maƙwabtaka ne mu rubuta nasu tun dattawan da suka auna yadi a shagunansu suna raye.